Silikon da jamaniyum a girman nano: me ya sa aka dawo kan abin da aka ajiye tun shekarun 1960?

A watan Yulin 2023 ne ma'aikatar kasuwanci ta ƙasar Sin ta ce daga 1 ga Agusta duk mai son fitar da jamaniyum ko galiyum daga ƙasar sai ya nemi lasisi, sannan a Disamban 2024 ta ƙara ɗaure abin, ta hana kai su Amurka. Tun daga nan sunan jamaniyum yake ta yawo a labarai, kuma ya zo ya haɗu da wasu labaran biyu, wato na cip ɗin da ake kira nanomita 3 da nanomita 2, da kuma na cibiyoyin data na AI da aka ce za su koma tura bayanai da haske maimakon wayar jan ƙarfe. Sai abin ya cakuɗe wa mutane, wani na cewa ai zamanin silikon ya ƙare, wani na cewa jamaniyum ne zai gaje shi, wani kuma na tsoron wayoyin hannu za su yi tsada saboda rigimar Sin da Amurka. Silikon dai na nan daram, babu inda za shi. Abin da ke faruwa shi ne akwai ayyukan da ya kasa, kuma a daidai waɗannan wuraren ne ake cusa masa jamaniyum ɗan kaɗan, a siraran shimfiɗu da zarurruka da ɗigo-ɗigo waɗanda ko madubin likita na yau da kullum ba ya iya gani.

Su wane ne waɗannan biyun

Dukkansu semikondakta ne, ma'ana abu ne da ba ya barin wuta ta wuce shi kai tsaye kamar jan ƙarfe, kuma ba ya tare ta gaba ɗaya kamar roba, sai dai a sarrafa shi ya buɗe ko ya rufe yadda ake so. Wannan buɗewa da rufewa shi ne aikin taranzista, kuma cip ɗin waya ɗaya na ɗauke da biliyoyinsu. A teburin sinadarai gidansu ɗaya, silikon lamba 14, jamaniyum lamba 32 a ƙasansa, kuma atam ɗinsu na jeruwa a tsari iri ɗaya da na lu'ulu'u. Silikon daga yashi ake tace shi, shi ne na biyu a yawa a ɓawon ƙasa bayan iskar oksijin. Jamaniyum kuwa ba a haƙa rami musamman dominsa, ana tsinto shi ne a wurin tace tutiya da kuma cikin tokar wani nau'in kwal. Mendeleev, masanin Rasha da ya tsara teburin sinadarai, ya yi hasashen akwai shi tun kafin a gan shi, sai a 1886 Clemens Winkler ya gano shi a garin Freiberg na Jamus, shi ya sa ma aka sa masa sunan ƙasar.

Akwai lamba ɗaya da za ta yi ta dawowa a wannan bayanin, ita ce giɓin ƙarfi. Ilektoron, wato ƙwayar da ke ɗaukar wutar lantarki, idan yana cikin semikondakta ba ya iya yawo sai ya samu ƙarfin da zai tsallake wani giɓi, idan ya tsallake ya bar gurbi a baya, kuma shi ma gurbin yana tafiya yana ɗaukar wuta kamar wata ƙwaya mai cajin fozitif. A ma'aunin da ake rubutawa eV, giɓin silikon 1.12 ne, na jamaniyum kuma 0.66. Ƙaramin giɓi na da daɗi ta wani fannin, yana da illa ta wani.

Shi kuma nano fa

Nanomita ɗaya shi ne a raba mita gida biliyan a ɗauki ɗaya, kaurin gashin kai ɗaya ya kai wajen nanomita 80,000. Abin da ya sa masana ke damuwa da wannan girman ba ƙanƙanta kawai ba ce, a'a, idan aka matse ilektoron a wurin da bai wuce 'yan nanomita ba halinsa na canzawa, giɓin nan na ƙara faɗi, launin hasken da abin zai sha ko zai fitar shi ma ya canza, alhali sinadarin bai canza ba. Idan an matse ta ɓangare ɗaya an samu siririyar shimfiɗa da ake kira rijiyar kwantum, ta ɓangare biyu an samu zaren nano, ta ko'ina kuma an samu ɗigon kwantum, irin wanda aka ba Bawendi da Brus da Ekimov kyautar Nobel ta kimiyyar sinadarai a kansa a 2023, kodayake nasu aikin da wasu sinadarai ne daban. A nan jamaniyum ya fi sauƙin kai, domin shi tun daga wajen nanomita 24 ake fara ganin wannan canjin, silikon kuwa sai an sauko kusan nanomita 5.

A lura, sunayen nan na nanomita 3 da nanomita 2 da kamfanoni ke tallatawa ba awon wani sashe ba ne na taranzista, sunan zango ne kawai na kasuwa. Amma cikin taranzistan akwai sassan da kaurinsu bai wuce nanomita 5 ko kusa da haka ba da gaske.

Yadda silikon ya ƙwace fage

Da yawa ba su san cewa jamaniyum ne babban wa ba a harkar. Taranzistan farko da Bardeen da Brattain suka haɗa a cibiyar bincike ta Bell Labs da ke Amurka a Disamban 1947 na jamaniyum ne, haka cip ɗin farko da Jack Kilby ya nuna a Texas Instruments a 1958. Kuma a takarda shi ya fi gudu, ilektoron na tafiya a cikinsa kusan ninki uku na yadda yake a silikon, gurbi kuma kusan ninki huɗu.

Abubuwa biyu ne suka kayar da shi. Na farko ƙaramin giɓin nan, da zarar ya ɗau zafi sai wuta ta riƙa yoyo ko da an kashe taranzistan, tun kafin a kai digiri 100 ya fara rikicewa, silikon kuwa yana aikinsa har wajen digiri 150. Na biyu, wanda ma ya fi muhimmanci, idan aka gasa silikon cikin oksijin yana yin wata fatar gilashi a samansa mai ƙarko, wadda ke tare wuta tsaf kuma ta rufe duk wani lahani na saman. Mohamed Atalla, haifaffen Masar, shi ne ya nuna amfanin wannan fatar a Bell Labs, kuma shi da Dawon Kahng suka gina taranzistan MOSFET a kanta a 1959 zuwa 1960, wanda shi ne har gobe ake cika cip da shi. Fatar da jamaniyum ke yi kuwa ruwa ma narkar da ita yake, ga shi ba ta jure zafi. To masana'antar da ke wanke faifan cip da ruwa sau ba adadi ai ba za ta yi da wannan ba. Shi kenan aka ajiye shi.

Ƙofar ta sake buɗewa ne da fatar gilashin ta yi sirantar da wuta ke ratsa ta, har Intel ta maye gurbinta da sinadarin hafniyum a 2007. Tunda yanzu fatar ɗora ta ake yi daga waje, babban dalilin da ya sa aka kori jamaniyum ya ragu sosai.

Matsalar kashi 4.2

Duk wanda zai haɗa waɗannan biyun sai ya ci karo da abu ɗaya, tazarar da ke tsakanin atam ɗin jamaniyum ta fi ta silikon da kusan kashi 4.2 cikin 100. Kamar mai gini ne da zai ɗora bulo mai ɗan girma a kan layin bulo ƙarami kuma dole kowane ya zauna daidai kan na ƙasansa, layin farko da na biyu za a iya matsawa su shiga, amma ana yin sama sai katangar ta kumbura ko ta tsage. A kiristal, wato jerin atam ɗin nan, ma haka ne, tsagewar ita ce lahanin da ke cinye ilektoron ya lalata na'ura.

Abin sha'awar shi ne kumburin ya zama hanya. Idan aka zuba jamaniyum a hankali a kan silikon, bayan layin atam kamar uku sai ya daina kwanciya, ya fara tattaruwa da kansa yana yin 'yan tsibirai masu siffar bukka ko dala, kuma a 1990 wasu masu bincike a jami'ar Wisconsin da wasu a Bell Labs suka nuna cewa waɗannan tsibiran na iya fitowa ba tare da tsagewa ba. Wato an samu ɗigon kwantum ba tare da an sassaƙa ba. Matsalarsu dai ba sa fitowa girma ɗaya kuma ba sa zama inda aka ga dama sai an shata musu wurin zama tukuna. Zaren nano shi kuma tsohuwar dabara ce ta Wagner da Ellis tun 1964, a ɗora ɗan ɗigon zinare a hura masa iskar da ke ɗauke da silikon, ɗigon ya sha ya ƙoshi sai ya riƙa ajiye kiristal a ƙarƙashinsa zare na tsawo. Rukunin Charles Lieber a Harvard na cikin waɗanda suka sauko da shi girman nano, a 1998, daga baya suka yi zare mai cikin jamaniyum da rigar silikon. Sai dai masu masana'anta ba sa ƙaunar zinare kusa da layin cip ko kaɗan domin yana gurɓata silikon, wannan na cikin dalilan da suka sa zaren da ake shukawa ya tsaya a ɗakin gwaji, wanda ya shiga kasuwa shi ne wanda ake sassaƙawa daga sama.

Inda ya riga ya shiga cikin cip

Gaurayen silikon da jamaniyum, wanda ake rubutawa SiGe, ba sabon abu ba ne. IBM ta yi ta aiki a kansa tun shekarun 1980 ƙarƙashin Bernard Meyerson, ta fito da shi kasuwa a shekarun 1990, kuma yau yana cikin sassan da ke karɓa da ƙara ƙarfin siginar rediyo a wayoyi da Wi-Fi da radar ɗin motoci mai aiki a gigahaz 77.

A zangon nanomita 90, wajen 2003 zuwa 2004, Intel ta mai da matsalar kashi 4.2 riba, ta cusa SiGe a gefe biyu na hanyar da wuta ke bi, tunda ya fi girma sai ya matse silikon ɗin da ke tsakiya, matsin kuma ya sa gurbi ya ƙara gudu. Daga nan kowa ya bi. Da aka zo taranzistan zamani mai ƙofa (sashen da ke buɗe hanyar wuta ko ya rufe ta) da ke zagaye hanya ta ko'ina, wanda Samsung ta fara a 2022 kuma TSMC da Intel suka biyo baya a zangon nanomita 2 da makamancinsa, aikin SiGe ya zama wani iri, ana jera shimfiɗar silikon da ta SiGe ɗaya bisa ɗaya, sannan a narkar da SiGe ɗin da sinadari a bar siraran faifan silikon a rataye, a zuba ƙofa ta zagaye su. Wato an sa shi ne don a cire shi, amma ba tare da shi ba ginin ba zai yiwu ba.

Haske, inda gizo ke saƙa

Wayar jan ƙarfe na ɗaukar zafi kuma sigina na raunana a cikinta idan gudu ya yi yawa, shi ya sa tsakanin manyan kwamfutoci ake amfani da fayiba, da hasken infared mai tsawon zango nanomita 1310 ko 1550. Silikon ba ya shan hasken da ya wuce wajen nanomita 1100, ratsa shi yake yi kamar babu komai, kuma hakan alheri ne domin ana iya sassaƙa hanyoyin haske a kan faifan silikon da injinan da ake yin cip da su. Amma a ƙarshen hanya dole a samu abin da zai sha hasken ya mai da shi wuta, kuma nan ne ƙaramin giɓin jamaniyum ya zama abin nema, domin yana shan haske har zuwa wajen 1550. Wannan ɓangaren an gama da shi, kusan duk cip ɗin haske na silikon da ke kasuwa idonsa na jamaniyum ne, har cibiyar IHP ta Jamus ta nuna wanda saurinsa ke kai gigahaz 265 a 2021.

Fitar da hasken ne ya gagara. A sinadarai irin su galiyum asanayid da indiyum fosfayid, ilektoron na faɗawa gurbi kai tsaye ya saki haske, shi ake kira giɓi na kai tsaye. A silikon da jamaniyum kuwa ilektoron da gurbin ba sa fuskantar juna ta fuskar yanayin tafiyarsu, sai an samu girgizar kiristal ta zo daidai lokacin ta cike bambancin, kuma kafin hakan ta faru yawanci ƙarfin ya riga ya tafi a zafi. Hasken da ke fita bai taka kara ya karya ba.

An bi hanyoyi da dama. A 1990 Leigh Canham a Ingila ya nuna cewa silikon da aka cinye da asid har ya zama kamar soso yana fitar da jan haske da ido ke gani, duniya ta ɗauka an gama, a 2000 kuma rukunin Lorenzo Pavesi a Trento ta Italiya suka ba da rahoton ƙaruwar haske a ƙananan ƙwayoyin silikon, amma har yau ba a samu leza, wato na'urar da ke fitar da haske mai ƙarfi tsinke ɗaya, mai aiki da wuta daga wannan hanyar ba, saboda ƙwayoyin na binne cikin gilashi ne kuma tura wuta cikin gilashi aiki ne. Jamaniyum ya fi ba da fata domin yana da wani giɓi na kai tsaye mai 0.8, bambancinsa da na 0.66 ɗin nan bai wuce 0.14 ba, kaɗan ya rage. A jami'ar MIT ta Amurka sun ɗan miƙe shi suka cika shi da fosfaras suka samu leza da ake kunnawa da wani haske a 2010, da mai aiki da wuta a 2012, sai dai wutar da take ci ta yi yawan da ba za a iya sa ta a kaya ba. A 2015 cibiyar Jülich ta Jamus da abokan aikinta a Suwizalan suka gauraya jamaniyum da kuza kusan kashi 12.6, giɓin ya koma na kai tsaye, leza ta tashi amma cikin sanyin da ya kai wajen digiri 180 ƙasa da sifili, kuma kuza ba ta son zama cikin jamaniyum fiye da kashi 1, da an ɗan gasa sai ta fito. An ci gaba da tura zafin sama tun daga lokacin. Sai kuma 2020 da rukunin Erik Bakkers a Eindhoven ta Holan suka tilasta wa SiGe ya jeru a tsari mai kusurwa shida a jikin zaren nano, ya fitar da haske sosai, amma zaren da aka ɗora shi a kai na galiyum asanayid ne, wato ba a rabu da Bukar ba.

Inda masana suka rabu

Ɓangare ɗaya na cewa a daina wahala, a ɗauko leza ta indiyum fosfayid da aka san tana aiki a manna ta kan silikon, kamar yadda Intel da jami'ar Kalifoniya ta Santa Barbara suka nuna a 2006 kuma Intel ta fara sayarwa a 2016, ko ma a bar lezar a waje a shigo da hasken ta fayiba, tunda leza ba ta son zafin cip kuma ita ce ta fi saurin mutuwa, gara a iya cire ta a canza. Hujjarsu ita ce abin na kasuwa yanzu. Ɗaya ɓangaren na cewa manne-manne na da tsada, faifan indiyum fosfayid ƙanana ne idan aka kwatanta da na silikon mai milimita 300, kuma waɗannan sinadaran gurɓata layin silikon suke, saboda haka idan ana son dubban leza a cip ɗaya dole a samu wadda ke gida ɗaya da silikon. Zuwa yanzu dai na farkon ne ke riƙe da kasuwa. Na biyun na da wata matsalar da ba a cika faɗa ba, lezar jamaniyum da kuza hasken da take fitarwa ya wuce nanomita 2000, ba zangon fayibar da aka riga aka shimfiɗa ba ne, don haka wataƙila inda za ta fara amfani shi ne na'urorin shinshino iskar gas da na gwajin lafiya.

Irin wannan saɓanin na nan kan taranzista mai hanyar jamaniyum zalla, masu so na nuna gudun gurbi, masu ƙi na nuna yoyon wuta da wahalar samun fata mai kyau, kuma kamfanoni sun tsaya a tsakiya suna ƙara kason jamaniyum a gauraye sannu a hankali. A kwamfutar kwantum ma an rabu, Intel ta fitar da cip mai kyubit (ƙwayar lissafi ta irin wannan kwamfutar) 12 na silikon a 2023, cibiyar QuTech ta Delft kuma ta nuna kyubit 4 a rijiyar jamaniyum a 2021, duka a sanyin da ya kusa ƙarshen sanyi, kuma duka suna nesa da abin da za a sayar wa jama'a.

Me zai taɓa mai waya a hannu

Jamaniyum ɗin da duniya ke tacewa a shekara bai wuce 'yan ɗaruruwan tan ba, kuma kusan kashi 60 cikin 100 daga Sin yake fitowa, saura daga wurare irin su Kanada da Rasha da Beljiyam inda kamfanin Umicore ke sake tace tsofaffin kaya, sannan Kwango ta fara fitar da shi daga tsohon tulin dattin ma'adinai na Lubumbashi. Bayan matakin Sin farashinsa ya yi tashin gwauron zabi a kasuwar Turai. Amma abin da ke cikin cip ɗin waya ɗaya ƙura ce kawai, shimfiɗa ce ta 'yan nanomita, ko farashi ya ninka sau nawa da wuya mai sayen waya ya ji a jikinsa ta wannan hanyar. Waɗanda ke ji su ne masu cin sa da yawa, wato masu yin fayiba tunda da shi ake gauraya tsakiyar gilashin, da masu tabarau na kyamarar gani cikin duhu da ta auna zafi, da masu faifan sola na tauraron ɗan'adam, kuma biyun ƙarshen nan su ne suka sa maganar ta zama ta tsaro. Idan abin ya daɗe, inda zai iya biyowa ya iso ga talaka shi ne tsadar shimfiɗa fayiba, wadda ke cikin kuɗin da kamfanonin intanet ke kashewa.

Ta ɓangaren amfani kuwa ba wani abu ne da za a wayi gari a gani ba. Sabon taranzista na nufin batir ya ɗan ƙara daɗewa ko waya ta rage zafi a aiki iri ɗaya, amma injinan yin sa na ƙara tsada, don haka manyan wayoyi ne ke fara samu kafin ya gangaro bayan shekaru. Babban tasirin na cibiyoyin data ne, waɗanda hukumar makamashi ta duniya IEA ta ƙiyasta sun sha kusan kashi 1.5 cikin 100 na wutar duniya a 2024. Wani kaso na wannan wutar a jigilar bayanai tsakanin cip da cip yake tafiya ba a lissafin kansa ba, shi ya sa a Maris ɗin 2025 Nvidia ta sanar da na'urorin haɗa kwamfutoci da aka matso da sashen haske dab da cip ɗin, Broadcom ma na kan irin wannan. A waɗannan na'urorin hanyar hasken ta silikon ce, lezar kuma har yanzu daga waje ake jono ta.